Waya a Idon Yayana

Shekarar da aka katse layin waya a ƙasarmu, garinmu ya koma farautar kansa. Ƙauye ne a ƙasar Goronyo, ba nisa da Kagara, kuma ba zan kama sunansa ba don har yanzu ina da dangi a ciki. An ce an katse layin ne don masu kai wa ɓarayin daji labari su rasa hanyar kira. To, layi ya mutu, amma ɓarayi ba su daina sanin gidan da aka sayar da sa ba, ko gidan da aka shigo da sabon babur. Sai su tsaya a ƙofar mutum su kira shi da sunan da uwarsa ke kiransa. Wannan shi ya haukata mutane, don kowa ya san labari ba ya tafiya da ƙafarsa, ɗauka ake yi a kai.

Ni a lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Wurno, sai ƙarshen mako nake leƙa gida. Wani zuwa da na yi, na tarar da hayaƙi bai gama tashi daga rumbuna ba. Ashe bayan la'asar ɓarayin suka shigo, uku-uku a kan babura. Ladan suka fara harbewa a bakin rijiya, harsashi ya ɗauke masa muƙamuƙi. Wata maƙwabciyarmu ta ruga da goyo, aka harbe ta ta baya, harsashin ya bi ta cikin jaririn kafin ya same ta. Mun yi ta haƙa har hannu ya yi kanta, daga ƙarshe muka haɗa wasu kabari ɗaya. Warin gero da ya ƙone ya zauna mini a maƙogwaro kwana da kwanaki.

Daga nan ne 'yan sa-kai suka yi ƙarfi. Shugabansu ba ɗan garinmu ba ne. Daga ƙasar Rabah ya gudo, wajen Maikujera, bayan an kulle iyalinsa a ɗaki an cinna wuta yana ɓoye cikin dawa yana ji. Kwamanda ake ce masa. Ba ya ɗaga murya, ba ya dariya, kuma ba na jin yana barci. Ina tausayinsa, ba zan ɓoye ba, amma ina ƙinsa fiye da yadda nake tausayin. Aikinsa ɗaya, neman infoma, wato mai kai wa ɓarayi labari. Mai cajin wayar garinmu ya fara kamawa, wai me ya sa har yanzu yake tada janareta alhali babu layi. Mutumin waƙoƙi da wa'azi yake tura wa mutane a waya, shi ke nan. Aka ɗaure shi a jikin durumin kasuwa, aka yi ta dukansa da gora har ya kira sunayen da bai sani ba, sannan aka yanka shi a bayan gari. Washegari mutane suka ci kasuwa a ƙarƙashin durumin.

A cikin wannan hali ne idon Yayana ya tasa mu gaba. Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da albasarsa na yi boko. Ƙato ne mai barkwanci, wanda in ya shiga fadama sai ka ji muryarsa kafin ka hango shi. Idonsa na hagu ya mutu tuntuni ba tare da ciwo ko ja ba, ya dushe kawai. Na dama ya rage, shi ma ya fara tsukewa daga gefe. Yana ganin abin da ke gabansa tar, amma sai ya taka shukar da ke gefen ƙafarsa. Rannan ya yi karo da jakin wani a kan hanya, ya tsaya yana ba jakin haƙuri don a yi dariya. Ni ban yi dariya ba, na ce sai mun je asibiti.

Akwai wata ma'aikaciyar ido a Wurno, Kirista ce 'yar ƙasar Zuru, ta daɗe a garin har Sakkwatancinta ya fi nawa. Sista kowa ke ce mata. Ita ta ce hawan jinin ido ne, ruwan cikin ido ke matsewa yana kashe jijiyar gani sannu a hankali. Ta ba shi maganin ɗigawa. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, duk safiyar da muka zo ta auna, sai ta tarar awon ya yi kyau, amma gani sai raguwa yake. Ta ce ciwon yana da lokacin da yake tashi, kuma ba lokacin da asibiti ke buɗe ba ne. Ta haɗa mu da wata likita a birnin Sakkwato, wadda wasu masu bincike suka kawo wa wani sabon abin awo.

Likitar ta ɗora mana shi a kan yatsa muka gani. Ɗan tabarau ne da ake manna wa ƙwayar ido, mai laushi, garai-garai, da wasu zobba siraran ruwan gwal a cikinsa. Yaya ya leƙa ya ce ai wannan ɓawon albasa ne, da ya sani da ya zo da nasa. Ta ce zobban nan su ke jin yadda ido ke kumbura da saɓewa, dare da rana. Sai dai abin ya yi ƙanƙanta, babu wurin sa batir, don haka sai an liƙa wata zagayayyar filasta a kewayen ido ta riƙa ba shi wuta tana karɓar saƙo. Daga filastar wata siririyar igiyar waya ta sauko ta bayan kunne zuwa wani ɗan akwati da ake ratayawa a ƙirji. Wuni da kwana zai yi a ido, sannan a cire a zubar, a karanta abin da akwatin ya tara. Kada ruwa ya taɓa filastar, kada a sa tozali, kada a murza ido.

Ni da son surutun kimiyya, na tambaye ta irin waɗanda ake nunawa a waya, masu ɗaukar hoto da nuna rubutu a cikin ido. Ta yi dariya ta ce waɗannan a bidiyo suka fi yawa. Ta ce ido yana son iska, ba ya son zafi, kuma duk abin da zai ɗauki hoto sai ya ci wuta ya yi zafi. Har masu neman auna sukari daga hawaye sun sha wuya, don hawaye ba ya faɗin gaskiyar jini kullum. Ko wannan ɗin, in ji ta, ba ya ba da lamba kamar ta na'urar asibiti, tashi da saukar kawai yake nunawa, ga tsada, ga shi 'yan ƙalilan suka rage mata. Ba ya gani, ba ya ji, ba ya kiran kowa. Na sha tuna wannan magana tata.

Da ta sa masa, ta ce ya yi duk abin da ya saba yi, ya kwanta yadda ya saba, gobe da hantsi mu dawo. Na so mu kwana a birni. Yaya ya ce abin da ya saba shi ne ban ruwa, kuma albasarsa ta fara ƙwai, in ta kwana biyu ba ruwa ta tafi. Likita ta ce ita ma ta fi son haka, don tana son ta ga abin da duƙawa da aiki ke yi wa idon. Ita a birni take, ba ta san durumin kasuwarmu ba. Sista ta sani. Da muka biya ta Wurno ta ga waya na lilo a wuyansa, sai fara'arta ta ɗauke.

Ta ce, "Baba, ka naɗa rawani ka ruhe abin ga. Kada ka bari a gani."

Yaya ya ce, "Sista, wa za ya taɓa ni? Can anka yanke min cibi."

Duk da haka ya naɗa rawanin, ya ja amawali har ƙasan ido, ya tura akwatin cikin riga. Muka isa gida lafiya, ya shiga fadama ya yi ban ruwansa yana waƙa.

Alwala ce ta tona mu. Da la'asar ta yi, Yaya ya zauna a bakin masallaci da buta, ya tuna an ce kada ruwa ya taɓa. Mutum ne da ba ya wasa da tsarki, ba zai yi hukunci da kansa ba. Ya warware rawani a gaban kowa, ya je gaban Liman ya nuna masa filastar, ya tambaya ko ya yi taimama. Liman, dattijo mai sanyin hali, ya ce ya wanke inda zai wanku, ya shafa a kan filastar kamar yadda ake shafa a kan ɗaurin karaya. Magana ta ƙare a wurin Liman. Amma sahu biyu na mutane sun ga waya ta fito daga idon mutum ta shige cikin rigarsa, kuma ɗan akwatin yana ƙifta wata 'yar koriyar wuta ta cikin yadi.

Wani ɗan kabu-kabu ne ya ƙarasa aikin. Yana da wani bidiyo ajiye a wayarsa tun layi na nan, na wani Bature da tabarau a ƙwayar ido, ya ƙifta sai hoto ya fito. Ya yi ta nuna wa mutane a teburin mai shayi. Ba na jin da mugunta ya yi, gwaninta ce. Kafin magariba maganar ta gama gari: ga yadda labari ke fita ba da layi ba. Matar Yaya ta dawo daga rijiya ta ce da ta iso mata suka yi tsit. Na ce mu bar garin yanzu, amma babu motar da ke bin hanyar nan bayan la'asar, ko nawa za ka biya. Yaya ya yi dariya ya ce gobe da safe ai za a cire, kowa ya huta. Ya ci tuwonsa ya kwanta.

Da safe muna tsaye a bakin hanya muna jiran motar Goronyo da za ta wuce birni, sai ga su. Sun fi goma, da riguna masu layu, da bindigogin gida da adduna. Rabinsu na san iyayensu. Akwai ɗaya da Yaya ya ba irin albasa kyauta a bara. Ba su yi gudu ba, ba su yi ihu ba, zagaye mu kawai suka yi. Kwamanda ya yi sallama, Yaya ya amsa har da tambayar gajiya.

Kwamanda ya ce, "Baba, mi na na ga idonka?"

"Magani na, ɗana. Awon ido na, likita tas sa min."

"Magani da waya? Kware mu gani."

Yaya ya warware rawani. Kwamanda ya kama haɓarsa ya juya fuskar wajen rana, ya buɗe fatar idon da babban yatsa. Idon ya yi ja saboda kwanan da abin ya yi a ciki, kuma zobban nan suka ɗauki haske suka yi walƙiya a kewayen baƙin. Na ji numfashin mutane ya canza. Wani daga baya ya ce, "Ga ta nan, kamara ta." Wani ya ce shi ya sa aka ƙone rumbun kowa a unguwarsu aka bar na Yaya. Ƙarya ce, nasa ma ya ci wuta rabi, kuma an sa abin jiya ne kawai, amma babu mai lissafin jiya da shekaranjiya a wurin.

Na shiga tsakani. Na ce ni malamin kimiyya ne, abin nan ba ya ɗaukar hoto, ba shi da layi, ruwan ido yake aunawa. Na ce su zaɓi mutum biyu su shiga mota da mu, mu je Wurno gaban Sista, ko birni gaban likita, in ƙarya muke su yi mana abin da suka ga dama. Kwamanda ya saurare ni har na gama, ba ya katse mutum.

Ya ce, "Malam, mu shiga mota da ku, abin ga shina kallon hanya, mutanenku su tare mu? Shi hidda shi nan. Yanzu."

Yaya bai taɓa sa yatsa a idonsa ba. Ya ɗaga hannu, ya taɓa da yatsunsa masu kaushi, ido ya rufe da kansa. Ya sake, ya kasa. Likita ta gaya mana abin yana kama ido sosai in ya kwana, sai an ɗiga ruwan magani ya saki. Na ce a ba ni ruwa da sabulu in wanke hannu in gwada a hankali. Na juya zan nufi gidan da ke kusa, sai wani ya ɗauka gudu zan yi. Gindin bindiga ya same ni a baki. Na ji haƙora sun karye a kan harshena, na faɗi, wani ya taka mini wuya da takalmin roba, wani ya sauke mini gora a kafaɗa har na ji ƙashi ya ce ƙas. Daga ƙasa na ga sauran, ta tsakanin ƙafafu.

Da Yaya ya ji na faɗi sai ya zabura, kuma na ce muku ƙato ne. Ya watsar da biyu. Sai suka taru a kansa. Suka sare shi a gwiwa da bayan adda, ya durƙusa, suka kwantar da shi rigingine a kan tsakuwa. Mutum biyu a kan kowane hannu, ɗaya ya zauna masa a ƙirji, ɗaya ya matse kansa tsakanin gwiwoyi. Aka fizge wayar, filastar ta taho da gashin gira da fata. Wanda Yaya ya ba iri shi ya fara sa farce. Ya tsunkula, ya ja, abin ya zame, jini ya cika idon, ya sake tsunkula. Yaya yana kiran sunan Allah, yana cewa, "Ɗaya na gare ni, ku bari, ɗaya na." Haka yake ta maimaitawa.

Kwamanda ya ture yaron ya durƙusa da kansa. Ya zaro ƙaramar wuƙa daga damtse, ya goge ta a wando. Na tabbata a ransa gefen abin kawai zai ɗaga. Ya ce a riƙe da kyau, ya kai tsinin. Babu ɗan Adam da zai ga ƙarfe na shigo masa ido ya tsaya. Yaya ya fizge kai da dukan ƙarfinsa, wuƙar ta shige. Ban ji ƙara ba. Wani ruwa fari mai kauri ya gangaro ta gefen kuncinsa ya shiga kunne, sannan jini ya biyo. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ƙafafunsa suka yi ta shure ƙasa har takalmansa suka fita.

Kwamanda ya miƙe da abin a tsinin wuƙa, ya nannaɗe, ya yi jajir, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Suka yi ta miƙa wa juna suna ɗagawa sama suna neman kamara. Wani ya ce a ƙarasa shi kawai, a kai shi bayan gari. Har sun kama ƙafafunsa sun fara ja, kansa na bugun tsakuwa, sai ga Liman da hakimi, matar Yaya ta kirawo su. Liman bai yi wa'azi ba. Ya zo ya kwanta a kan Yaya, ya rufe shi da rigarsa.

Ya ce, "Jiya gabana yak kware abin ga, gaban sahu. Wanda ka leƙen asiri shina zuwa tambayar alwala? In yanka shi za ku yi, ku hwara da ni."

Hakimi kuwa ya yi dabara. Ya ɗauki akwatin daga ƙasa ya ce wannan shaida ce, sai an kai wa hukuma ta buɗe, kuma in an kashe mai shi wa za a tambaya. Kwamanda ya tsaya yana kallon wuƙarsa, sannan ya mayar da ita kube ya juya. Sauran suka bi shi. Motar da muke jira ta iso tun ana cikin yi, direban ya tsaya daga nesa da fasinjojinsa suna kallo.

Motar ce ta ɗauke mu. Na riƙe kan Yaya a cinyata da hannu ɗaya, ɗayan hannun ba ya ɗaguwa, ina tofar da jini ta taga. A Wurno Sista ta ɗaga rawanin da muka danna masa, ta duba, ta mayar. Ba ta ce ai na gaya muku ba, Allah ya saka mata. Ta kifa masa ɗan kofin roba a kan idon ta liƙe, ta yi masa allura, ta bar aikinta ta shiga mota da mu har birni. Hannunta na kan goshinsa duk hanya, tana addu'a irin tasu a hankali. A birni suka yi abin da za su iya, amma babu abin ɗinkewa. Cire idon aka yi.

Ba a yi wata ba ɓarayi suka dawo garinmu. Suka nufi gidan wani da ya karɓo kuɗin shanu, suka kira shi da sunansa, suka harbe ɗansa a zaure. Yaya a lokacin yana kwance a ɗakina a Wurno da bandeji. Na zaci bayan wannan wani zai zo ya ce mun yi kuskure. Babu wanda ya zo sai Liman. Wasu ma cewa suka yi ai ba shi kaɗai ba ne infoman. Albasar ta bushe a fadama, matarsa da yaran suka biyo shi, muka cushe a ɗaki biyu. Na yi watanni ba na iya amsa sallamar ɗan garinmu in mun haɗu a kasuwa. Har yau in na ga yaron nan mai farce, kauce masa nake yi, kuma ban yafe ba. Yaya ya ce ya yafe, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Akwatin ya dawo. Hakimi ya aiko da shi cikin buhun taki, ya ce jami'an da aka kai wa sun juya shi sun ga babu wurin sa layi, sun ce a mayar wa mai shi. Jini ya bushe a igiyarsa. Na so in jefa shi a masai. Yaya ya shafa shi da hannu ya ce ba namu ba ne, aro aka ba mu, a kai wa likita kayanta, kuma da shi za a je.

Muka je. Lokacin ya fara koyon riƙe kafaɗata, yana taka mini dunduniya yana ba ni haƙuri. Likita da ta gan shi sai ta miƙe tsaye. Ta karɓi akwatin za ta sa a aljihun tebur.

Yaya ya ce, "Likita, buɗe ki gaya min abin da yat tara. Na kwana da shi, na sha wuyatai. In ji."

Ta dube ni, na ɗaga mata kai. Ta haɗa shi da kwamfuta. Ashe bai lalace ba, ya tara komai tun daga safiyar da aka sa har lokacin da aka fizge wayar. Wani layi ne ya fito, yana tafiya kwance duk wuni, har lokacin ban ruwa bai motsa sosai ba. Sai can gab da asuba ya haura sama, ya daɗe, sannan ya sauko da fitowar rana. Daga ƙarshe ya yi wani tsalle ya yanke, ta yi sauri ta rufe wajen da hannu kamar Yaya zai gani. Ta yi masa bayani da gaskiya: yana barci ciwon ke tashi, shi ya sa awon safe ke ruɗin su. Da an canza masa magani zuwa na kwanciya, an yi masa ɗan aiki, da an riƙe abin da ya rage.

Yaya ya ce, "Ashe da magani."

Fanka na juyawa, wani yaro na kuka a waje. Ni kuka nake son yi, fushi ya hana. Sai na ji hannunsa yana lalube, ya sami gwiwata ya dafa.

"Likita, ciwon ga shina bin jini?"

Ta ce yana bi.

"To wanga ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Diba min nashi."

Na ce lafiyata lau, ina karanta ƙananan rubutu ba tabarau. Ya ce shi ma haka ya ce. Ya ƙi tashi daga kujera sai da na sa haɓa a kan na'ura. Ta auna, ta ɗiga mini wani magani da ke buɗe ƙwayar ido, ta haska ciki ta daɗe tana kallo. Ta ce na dama ya fara, amma da sauran jijiya da yawa, mun zo da wuri. Ta rubuta mini magani.

Da muka fito rana ta take. Maganin da ta ɗiga bai sake ni ba, hasken ya cika mini ido, titi ya zama fari fat, motoci da babura sai ƙararsu. Na tsaya a bakin ƙofar asibiti, Yaya na bayana da hannunsa a kafaɗata. Ya ji ban motsa ba.

Ya ce, "Kana gani?"

Na ce, "Dishi-dishi, Yaya."

Ya ƙara damƙe kafaɗar. Ya ce, "To mu jira."